Wa Ya Cancanci Shiga Gasar Mata? Taƙaddamar Shekara Casa'in

A gasar Olamfik ta 1936 da aka yi a birnin Barlin, wata budurwa Ba'amurkiya mai suna Helen Stephens ta cinye tseren mita 100 na mata, ta bar Stella Walsh ta ƙasar Folan, mai riƙe da kambun tun 1932, a matsayi na biyu. Ba a jima ba jaridun Folan suka fara raɗe-raɗin cewa Stephens namiji ce ta kutso cikin mata. Doguwa ce, muryarta da kauri, kuma ta yi gudun da ya ba kowa mamaki. Jami'ai suka duba ta, suka tabbatar mace ce. Sai bayan shekara 44, a 1980, da 'yan fashi suka harbe Walsh a birnin Cleveland, binciken gawa ya nuna ita ce aka haifa da halittar da ta haɗa siffofin jinsi biyu. Wasu jaridu suka koma kanta suna kiranta mayaudariya, alhali tun haihuwa a mace aka rene ta, a mace kuma ta rayu har ta mutu.

Tun daga wancan lokaci ake fama da mas'aloli biyu da ba ɗaya ba ne, amma an daɗe ana yi musu kuɗin goro. Akwai matan da aka haife su da bambancin halitta, abin da muka sani da mata-maza, wanda malamanmu na fiƙihu suka daɗe da yi wa babi a hukuncin gado. Akwai kuma waɗanda aka haifa maza, suka girma, sannan suka sauya jinsi ta hanyar magani ko tiyata. Na farko ba su zaɓi komai ba, da yawansu ma ba su san halin da jikinsu ke ciki ba sai ranar da likitan gasa ya faɗa musu. Duk wanda bai rarrabe waɗannan biyun ba, zai karanta tarihin nan a baibai.

Zamanin yaƙin cacar baka ne ya mayar da zargi doka. Ƙasashen Yamma na zargin na Gabas da cusa maza cikin mata don tara lambobin zinare. A gasar guje-guje ta nahiyar Turai da aka yi a Budapest a 1966, aka tilasta wa mata tuɓewa a gaban likitoci kafin a bar su su shiga fili. Wulaƙancin ya yi yawa har aka nemi wata hanya, aka koma goge cikin kumatu da auduga a duba ƙwayoyin halitta, a ga ko XX ne irin na yawancin mata, ko XY irin na maza. Ewa Kłobukowska ta Folan, wadda ta ci zinare a tseren miƙa sanda a Tokyo a 1964, ta faɗi gwajin ƙwayoyin halitta a 1967, aka kore ta, aka share bajintarta daga littafi. Daga 1968 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fara amfani da gwajin a gasanninsa, kowace mace da ta tsallake a ba ta katin shaidar cewa ita mace ce.

Labarin da ya fi nuna raunin wannan gwaji shi ne na María José Martínez-Patiño, 'yar Sifaniya mai tseren tsallake shinge. Ta taɓa tsallake gwajin a 1983, amma da ta je gasar ɗaliban jami'o'i a Kobe ta ƙasar Japan a 1985 sai ta manta katinta a gida. Aka sake gwada ta, sakamako ya fito XY. Jami'an ƙasarta suka ce ta yi ƙaryar rauni ta janye a asirce. Ta yi hakan a Kobe, amma a farkon 1986 da aka sake neman ta janye daga gasar ƙasa ta ƙi, ta yi gudu, ta kuma ci. Nan da nan aka tsegunta wa 'yan jarida. Ta rasa tallafin karatu, aka fitar da ita daga masaukin 'yan wasa, saurayin da zai aure ta ya gudu. Gaskiyar lamarin kuwa ita ce jikinta ba ya jin testosteron, sinadarin maza, ko kaɗan, don haka babu wata fa'idar namiji da take da ita a fili. Wani masanin ƙwayoyin halitta ɗan Finlan, Albert de la Chapelle, ya tsaya mata, aka mayar da ita a 1988, lokacin da ganiyarta ta riga ta wuce. A gasar Atlanta ta 1996 mata takwas cikin sama da 3,000 suka faɗi gwajin, aka duba, aka bar su duka suka yi wasa. A 1999 Kwamitin Olamfik ya daina gwada kowa da kowa.

Mas'ala ta biyu, ta masu sauya jinsi, ta shigo ne ta ƙofar kotu. Renée Richards likitar ido ce a New York, ta buga ƙwallon tanis cikin maza shekaru da dama kafin a yi mata tiyata a 1975. Da aka hana ta gasar US Open ta mata sai ta kai ƙara, alƙali ya ba ta gaskiya a 1977. Tana da shekara 43 ta shiga, Virginia Wade ta fitar da ita a zagayen farko, amma a wasan 'yan bibbiyu ta kai har ƙarshe. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa ita kanta Richards, da ta tsufa, ta ce da a ce ta sauya jinsi tana 'yar shekara ashirin da wani abu, da babu macen da za ta iya da ita. Wannan magana daga bakin wadda ta fara buɗe ƙofar ta cancanci a saurare ta, domin a nan ne ainihin damuwar mata 'yan wasa take. Balagar namiji na ƙara tsayi, da girman ƙashi, da faɗin zuciya da huhu, da ƙarfin tsoka. A gudu, tazarar da ke tsakanin gwanayen maza da gwanayen mata takan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, a ɗaga nauyi kuma ta fi haka nesa. Maganin rage testosteron yana sauya wasu abubuwa cikin 'yan watanni, kamar yawan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, amma ba ya rage tsayi, ba ya ƙanƙance ƙashi. Macen da ta tsaya ta ce ana ƙwarar ta, ba ƙiyayya ce ta sa ta magana ba, kuma jaridun da suka riƙa zagin irin waɗannan mata su ma sun yi zalunci.

Dokoki sun yi ta juyawa. A 2004 Kwamitin Olamfik ya ce mai sauya jinsi zai iya shiga gasar mata in an yi tiyata, hukuma ta amince da sabon jinsin, an kuma yi shekara biyu ana shan magani. A 2015 aka cire sharaɗin tiyata, aka ce a rage testosteron na tsawon wata 12.

A wannan tsakanin kuwa, nauyin ya faɗa kan wasu matan da ba su taɓa sauya komai ba. A watan Agustan 2009, a Barlin, Caster Semenya, 'yar shekara 18 daga wani ƙauye a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, ta shiga zagayen ƙarshe na mita 800 a gasar duniya bayan duniya ta riga ta ji cewa ana binciken jinsinta. Ta ci zinare. Makonni kaɗan bayan haka wata jaridar Ostireliya ta buga abin da ta ce sakamakon likitoci ne, tana bayyana sirrin cikin jikin yarinyar ga duk mai kuɗin sayen jarida. Babu wani uzuri na aikin jarida da zai wanke wannan. Semenya ta yi wata 11 a gefe, ta dawo, ta sha magungunan rage sinadari da ta ce suna sa ta rashin lafiya. Dutee Chand ta Indiya ta kai ƙarar dokar da ta taƙaita yawan testosteron a jikin mata 'yan wasa gaban Kotun Sasanta Rikicin Wasanni a Lausanne, kotun ta dakatar da dokar a 2015. Shekara ɗaya bayan nan, a gasar Olamfik ta Rio, Semenya ta zo ta ɗaya a mita 800, Francine Niyonsaba ta Burundi ta biyu, Margaret Wambui ta Kenya ta uku. Hukumar guje-guje ta duniya ta fito da sabuwar doka a 2018 da ta shafi tsere daga mita 400 zuwa mil ɗaya, kotu ta tabbatar da ita a 2019, dukansu uku suka bar tseren da suka fi ƙwarewa a kai.

Dokar ta iso har maƙwabta. Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar tana cikin matan da suka fi kowa gudun mita 400 a duniya a 2019, amma a gasar duniya ta Doha a wannan shekarar mita 200 kaɗai ta yi. Ta ci gaba a mita 200, har ta zo ta huɗu a duniya a gasar Eugene ta 2022. Haka Christine Mboma ta Namibiya, da aka hana mita 400, ta ci azurfa a mita 200 a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Hukumar na cewa binciken ƙwararrunta ya nuna irin waɗannan mata na da fifiko na gaske, masu suka na cewa ba banza ba kusan duk sunayen da ake ji daga Afirka da Asiya suke. Ko wanne ya fi gaskiya, abu ɗaya tabbas ne: matan nan sun fi kowa shan kallo da tambayoyin cin fuska, a kan muhawarar da akasarin masu yin ta suna nufin wasu mutane ne daban.

Su waɗancan daban, a fagen Olamfik, ba su da yawa. Laurel Hubbard ta ƙasar New Zealand ita ce ta farko da ta fito fili a matsayin mai sauya jinsi ta shiga gasar mutum ɗaya ta mata, a Tokyo a 2021. An yi watanni ana rubutu a kanta, ranar gasa ta kasa ɗaga nauyin sau uku, ta fita ba lambar komai. Wadda ta girgiza al'amura ita ce Lia Thomas ta Jami'ar Pennsylvania, wadda ta yi shekara uku a ƙungiyar ninƙaya ta maza, sannan a watan Maris na 2022 ta cinye yadi 500 a gasar jami'o'in Amurka ta mata. Jaridun da ke adawa suka cika shafi da hotonta tana tsaye ta fi kowa tsayi. Masu goyon baya suka riƙa tunatar da cewa ta zo ta biyar da ta takwas a sauran tserenta biyu. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin labarin da ya yi masa daɗi. Wata uku bayan nan hukumar ninƙaya ta duniya ta hana duk wanda ya yi balagar namiji shiga gasar mata. Hukumar guje-guje ta bi sahu a Maris na 2023, ta tseren keke a Yuli.

A Amurka maganar ta bar filin wasa ta shiga rumfar zaɓe. Jihar Idaho ce ta fara kafa dokar hana masu sauya jinsi shiga wasannin mata a 2020, jihohi sama da ashirin suka biyo baya. A 2022 gwamnan Utah, Spencer Cox, ɗan jam'iyyar Republican, ya ƙi sa hannu a irin wannan doka, yana cewa cikin ɗaliban sakandare kusan 75,000 masu wasanni a jiharsa, huɗu ne masu sauya jinsi, ɗaya ce tak ke wasan 'yan mata. Majalisa ta yi gaban kanta ta zartar. A Disambar 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'i, Charlie Baker, ya shaida wa majalisar dattawa cewa bai san ko goma ba cikin 'yan wasa 510,000. Masu goyon bayan hani suka amsa cewa ko mutum ɗaya ne, akwai yarinyar da ta rasa gurbinta saboda shi. A ranar 5 ga Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin hana masu sauya jinsi shiga gasar mata, washegari hukumar jami'o'in ta sauya dokarta.

Kafin wannan, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, kuɗin goron ya kai matuƙa. 'Yar damben Italiya Angela Carini ta janye daga karawarta da Imane Khelif ta Aljeriya bayan daƙiƙa 46. Cikin sa'o'i kaɗan shafukan sada zumunta suka cika da cewa namiji ne ya sauya jinsi ya zo yana dukan mata, manyan mutane masu miliyoyin mabiya suka yaɗa, wasu kafafen labarai suka kwafa ba bincike. Khelif ba ta taɓa sauya jinsi ba. A mace aka haife ta aka rene ta, a ƙasar da doka ba ta ma yarda da sauya jinsi ba, kuma ta yi dambe a Tokyo aka fitar da ita a zagayen kwata-fainal ba wanda ya ce uffan. Abin da ya faru shi ne ƙungiyar dambe ta IBA ta kore ta daga gasar duniya ta 2023 a New Delhi bisa wani gwaji da ba ta fayyace ba a lokacin, Kwamitin Olamfik kuma, wanda ya riga ya janye amincewarsa da IBA, ya ce matakin bai bi ƙa'ida ba. Akwai tambaya ta gaskiya a nan game da lafiyar mata a wasa mai haɗari irin dambe, amma ƙaryar da aka fara da ita ta hana a yi tambayar da hankali. Khelif ta ci zinare, ta kuma shigar da ƙara a Faris kan cin zarafi ta intanet.

A 2025 aka dawo wa gwajin da aka bari a 1999. Hukumar guje-guje ta wajabta wa duk mace mai shiga gasar duniya gwajin ƙwayar halitta mai suna SRY daga 1 ga Satumba, ta kumatu ko ta jini, sau ɗaya a rayuwa. Andrew Sinclair, masanin Ostireliya da ya gano wannan ƙwaya a 1990, ya fito ya ce ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. A watan Yuli babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya yanke cewa kotun Suwizalan ba ta yi wa ƙarar da Semenya ta kai kan dokar 2018 sauraren adalci ba, amma bai soke dokar ba. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci Kwamitin Olamfik, ta kafa kwamitin duba yadda za a kare rukunin mata. Sabuwar hukumar dambe da ta maye gurbin IBA ita ma ta wajabta gwajin, kuma a gasarta ta duniya a Liverpool cikin Satumba aka hana 'yan damben Faransa mata biyar shiga zobe, tare da wasu daga Najeriya da wasu ƙasashe. Babu wanda ya ce sun faɗi gwajin. Sakamakonsu ne bai iso daga ɗakin bincike a kan lokaci ba.