Daga Matan Fada zuwa intanet: wa zai yi mana shela in layi ya tsinke?

1/ Ranar 14 ga Maris 2024 ina gaban mai POS a Birnin Kebbi, kuɗi sun fita daga asusuna, ba su isa ba. Wani ya ce gwamnati ce ta rufe layi, wani ya ce 'yan damfara ne. Sai daga baya muka ji: wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ne suka tsinke wajen gaɓar Kodebuwa.

2/ Tsinkewar ba ta dame ni ba kamar shirun. Kuma kakanninmu ba haka suke yi ba.

3/ Ku duba Argungu. Bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Dubban masunta kan jeru bakin Matan Fada da koma da gora, amma ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya duba shi, an ba da alama.

4/ Wato akwai wanda aka ɗora wa nauyin cewa "da lafiya" ko "a dakata". A gari kuma sankira ke zagayawa da shela. Magana ɗaya, daga baki ɗaya, kowa ya ji.

5/ Allon bayyana halin shafukan intanet aikinsa ke nan: kore in lafiya, ja in an samu tangarɗa, da lokacin da ta fara.

6/ Sai dai da sharaɗi. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 ma'ajiyar S3 ta Amazon ta tsaya na sa'o'i, allon nasu ya kasa nuna ja, don shi ma a kanta ya dogara. Sai a Twitter suka yi sanarwa. Sankira ba ya kwana a ɗakin da zai yi shelar gobararsa.

7/ Don haka in za a gina wa Kebbi irinsa, na shafukan biyan haraji, rajistar makaranta da neman aiki, a ajiye shi a wani waje daban, da Hausa, ya riƙa aika saƙon tes, rediyo ma ya karanta.

8/ Ɗalibin da zai taso daga Kangiwa zuwa Argungu don cike fom ya cancanci ya sani tun kafin ya biya kuɗin mota. Ko ya kuka gani?