Kirsimeti a Arewacin Najeriya

Kirsimeti biki ne da iyalan Kirista ke yi ranar 25 ga Disamba domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu. A Najeriya ranar da washegarinta hutu ne. Kalmar aro ce daga Turanci, amma gaisuwar "Barka da Kirsimeti" ta bi tsarin "Barka da Sallah".

Shirye-shirye

Bikin yana faɗowa cikin hunturu, bayan girbi. Ma'aikata da ɗalibai kan koma ƙauyukansu, musamman a Filato, Kudancin Kaduna da Adamawa. Ana ɗinka wa yara sababbin kaya, mata su yi kitso, a soya cincin.

Ranar biki

Da safe ake zuwa sujada, kuma coci-coci da dama, irin su ECWA da COCIN, kan yi wa'azi da Hausa. Daga nan a ci shinkafa da miya da nama, yara su fita gaishe da dangi.

Maƙwabtaka

Akan aika wa maƙwabta Musulmi abinci, su ma su rama da Sallah. Wasu gidajen kan kira Musulmi ya yanka dabbar domin kowa ya ci. Rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun raba unguwanni bisa addini, abin da ya raunana wannan al'ada a biranen biyu.