'Yan Mowa da 'Yan Bora a Ajin Firamare: Nazari daga Ɗan Barto

Duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san mowa ya san bora, ya kuma san cewa da wuya maigida ya yarda yana da su. In aka tambaye shi zai rantse kwana daidai yake rabawa, awo ma daidai. Bai yi ƙarya ba, sai dai 'ya'yan gidan sun san ɗakin da ya fi dariya a ciki. Hujjar wannan maƙala ita ce ajin firamare yana da irin wannan rabo, kuma mafi yawansa ba daga mugunta yake fitowa ba. Daga ido yake fitowa, idon malami da ke yanke wa yaro hukunci tun makon farko bisa alamun da ba su da alaƙa da ƙwaƙwalwa. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aji, rabin farko na karin maganar ya fi rabin ƙarshe gaskiya.

Na ɗauki Ɗan Barto misali domin alamun sun taru a can wuri guda. Gari ne na bakin iyaka a yankin Matamaye, cikin jihar Damagaram, kan hanyar da ta ratsa Matamaye ta tsallaka Kwangwalam ta nufi Daura. Yaron wannan yanki kan shiga ajin farko, wato CI, da kaya a kansa. Ya iya canjin naira da sefa, ya san lokacin gero da na rake, wani ma ya yi nisa a makarantar allo har yana haɗa baƙi. Amma tsarin da aka gada daga Faransa bai tambaye shi ko ɗaya cikin waɗannan ba. Abin da ake fara aunawa shi ne yadda kunnensa ke kama Faransanci, kuma a nan ɗan ma'aikacin kwastan ko ɗan malamin asibiti, wanda yake jin harshen a gida, ya riga ya yi wa ɗan manomi fintinkau kafin a ɗauki alli. Piyer Burdiyo da Jan-Kulod Paseron sun yi wannan bayani tun 1970 game da makarantun Faransa kanta: makaranta kan ɗauki abin da yaro ya gada a gida ta kira shi baiwa, ta ɗauki rashinsa ta kira shi daƙiƙanci.

Na tsawon zamani ma ba a ɓoye abin. A makarantar da na yi, wadda ba zan ambaci sunanta ba, akwai sambol, wani ƙashi da aka huda aka zura wa igiya. Wanda aka kama yana Hausa shi ake rataya wa, shi kuma ya wuni yana kasa kunne ko wani zai yi suɓul da baka ya sauke masa. Wanda yamma ta yi da ƙashin a wuyansa ya sha bulala. Abin da na fahimta daga baya shi ne ƙashin ba ya yawo daidai. Wuyoyi kaɗan ya sani, na yaran da ke tahowa daga ƙauyuka a ƙasa, kuma su ne a hankali suka gano cewa hanya mafi sauƙi ta tsira ita ce su kame bakinsu. Shirun nan ne aka riƙa rubutawa a takardar sakamako da sunan rashin ƙoƙari. Abdu Mumuni ya riga ya yi kira a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka cewa a koyar da yara da harsunansu, kuma a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Duk da haka, binciken PASEC na 2014 ya samu cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

A nan ne nake rabuwa da waɗanda ke ganin an gama. Sauya harshe, ko da ya iso aji gaba ɗaya, zai sauya wanda ke zaune a inuwa ne kawai. A karkarar Matamaye akwai rugagen Fulani, kuma yaron da ya tashi da Fulatanci zai iya tsintar kansa a kujerar da ɗan manomi Bahaushe ya bari, ana yi wa harshensa dariya, malami kuma yana murmushi saboda shi ma da barkwancin ya girma. Ban da haka, akwai alamun da harshe bai taɓa su ba sam.

Ta farko ita ce sana'ar uba. M. G. Smith ya bayyana a 1959 yadda al'ummar Hausa ke jera mutane bisa sana'ar gado, sarauta da malanta a sama, fawa da kiɗa da roƙo can ƙasa. Ba wanda zai rubuta wannan a rajista, amma malami ɗan ƙasa ne, ya sha karin maganar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan ɗan liman ya kasa amsa tambaya, sai a ce yau bai yi barci ba ne. Idan ɗan mahauci ya kasa, sai a ce to ai dama. Kuskure ɗaya, fassara biyu. Akwai kuma maganar asali, wadda ta fi wuyar faɗa. Nijar ta mai da bauta laifi a dokar 2003, amma a garuruwa da dama har yanzu an san gidan da aka ce kakanninsu bayi ne, yara kuma sukan kawo wannan sani filin wasa. Wanda ke shakkar cewa irin wannan na iya shiga cikin maki, ya duba gwajin da Rema Hanna da Leigh Linden suka wallafa a 2012. A Indiya, sun ba malamai takardun jarrabawa bayan sun liƙa musu bayanan yara ta hanyar ƙuri'a. Takardar da aka ce ta ɗan ƙasƙantaccen asali ce ta samu maki ƙasa kaɗan, alhali amsoshin ba su sauya ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne malaman da su kansu suka fito daga irin wannan asalin ne suka fi rage makin. Zama ɗan gida bai wanke malami ba.

Ta biyu ita ce kunya, kuma ita ta fi ci mini rai, domin tarbiyyar da muke yabo a gida ce ake hukuntawa a aji. An koya wa yarinya kada ta haɗa ido da babba, kada ta ɗaga murya gaban maza. Sai ta shigo inda ake auna basira da ɗaga hannu da kaɗa yatsa ana "Mushe, ni! Mushe, ni!" Na taɓa zama a bayan wani ajin zana ina kallo. Malamin, saurayi mai himma wanda ba zan zarge shi da komai ba, ya rubuta lissafi a allo ya kira wata yarinya da ke zaune kan buhu a gefe. Ta miƙe tana murza bakin hijabinta. Leɓenta ya fara motsi. Kafin sauti ya fito ya ce, "Zauna, kin ɓata mana lokaci," ya juya ga yaron tebur na farko. Da aka tashi na leƙa ƙaramin allonta: amsar tana nan, daidai, da alli, har ta ja mata layi a ƙasa. Ita ce kuma ta tsaya shara tare da sauran mata, maza suna ƙwallo. A ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, malami kan yi wani lissafi a ransa ba tare da ya sani ba: wannan ai ba za ta kai koleji ba. Dokar Disamba 2017 ta kare karatun 'ya mace tana iya riƙe ta a rajista. Ba ta iya sa a jira amsarta.

Ta uku ita ce fashi. Makaranta na buɗewa a Oktoba, daidai lokacin da ake cikin girbi da roron wake. Ga talla ranar kasuwa. Ga kuma abin da yankin ya yi suna da shi na baƙin ciki, tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya neman taimako. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, kuma akasarinsu daga wannan yanki na Kance suka fito. Yaron da ya yi irin wannan tafiya ya dawo da rai yakan tarar da suna na jiransa, ana ce masa ɗan bara, ya girmi 'yan ajinsa, benci na ƙarshe ya zama nasa.

Shin zaton malami yana sauya sakamako da gaske? A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa gwajinsu na wata firamare a Kalifoniya, inda suka gaya wa malamai cewa wasu yara na dab da bunƙasa, alhali da ƙuri'a aka zaɓe su. Yaran sun fi ci gaba, musamman a aji ɗaya da biyu. An soki gwajin, kuma sukar na da tushe. Bitar da Lee Jussim da Kent Harber suka yi a 2005 ta nuna tasirin yawanci ƙarami ne, kuma sau da yawa zaton malami kan zo daidai saboda ya ga gaskiya ne. Sai dai bitar ta kuma nuna tasirin na iya ƙaruwa kan yaran da al'umma ta riga ta raina. Su ne kuwa yaran da muke magana a kansu.

Akwai hanzari mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Malamin ƙauye, wanda sau da yawa ɗan kwantaragi ne, yana gaban yara fiye da yadda murya ɗaya za ta iya ɗauka, littafi bai isa ba, sufeto kuma zai tambaye shi inda ya kai a manhaja. In ya jingina da yara goma masu saurin ɗauka, dabara ce ta mai nema ya kai gaci. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa goman nan an zaɓe su ne da mudu. Kuma tunda ido ba ya ganin kansa, wa'azi kan adalci ba zai yi magani ba. Kowane malami zai gyaɗa kai a taron bita, ya tabbata da wani ake.

Abin da ke aiki shi ne ƙirga. Malami ya roƙi abokin aikinsa ya zauna a baya darasi ɗaya da zanen kujerun ajin a takarda, ya riƙa ɗiga alama duk inda tambaya ta faɗa, da inda yabo ya faɗa, da inda tsawa ta faɗa. Ba sai an yi gardama ba, takardar za ta nuna ɗakin da ake dariya. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, sun kuma fi jiran yaran da suke ganin haziƙai ne. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka tsawaita, yaran da ba sa magana suka fara. Daƙiƙa uku ba ta bukatar kasafin kuɗi. Haka nan rubuta sunayen yara a guntayen kara a zuba a ƙwarya, a riƙa zaro wanda zai amsa maimakon bin mai ɗaga hannu, ko a ce kowa ya rubuta amsa a allonsa a ɗaga tare, wanda dama tsohuwar dabara ce a azuzuwan Nijar, an dai fi amfani da ita don sauri fiye da don gani. A jarrabawar ƙasa ana rufe sunan ɗalibi kafin a ba mai gyara. Babu abin da ya hana a naɗe kan takarda a gwajin wata-wata. Layin gaba ya koma baya kowace Litinin. Tsintsiya da tulu su bi jerin rajista, mace da namiji.

Da wuya waɗannan su ɗore in an bar su a hannun malami shi kaɗai, domin wani matsin daga waje yake zuwa. Uban da ya aiko da damin gero ko ƙullin rake yana sa ran a gani a kan ɗansa, malamin da ke baƙunta a gari kuma ba ya son ɓata da masu gari. Kwamitin kula da makaranta, wanda a da ake kira COGES, shi ne wurin da ya kamata a karanta takardar ɗige-ɗigen nan, amma galibi masu faɗa a ji ne ke zama a cikinsa, iyayen 'yan mowa. Sai an ga mahauci da Bafulatanin ruga da uwar da ta dawo daga Aljeriya a kan tabarmar taron, ana tambayarsu abin da yaransu ke faɗa in sun koma gida, sannan direkta zai ji sunayen da ake kiran yara da su a filin makarantarsa.