Guba Cikin Kofin Baƙunta: Tarihin Fim ɗin Arsenic and Old Lace

Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in wasan kwaikwayo akwai wanda za mu kira barkwanci mai ɗaci, wato wasan da yake ɗauko abin da ya kamata a yi wa kuka, kamar mutuwa da kisan kai da hauka, ya sa 'yan kallo su yi masa dariya. A wannan maƙala za mu bi tarihin ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan wannan nau'i, wato Arsenic and Old Lace, wanda ma'anar sunansa ita ce gubar asinik da tsohon leshi. Kamfanin Warner Bros. na ƙasar Amurka ne ya fitar da shi a 1944, kuma asalinsa wasan dandamali ne. Za mu duba inda labarin ya samo tushe, da abin da ya sauya lokacin da ya tashi daga dandamali ya koma majigi, sannan mu tambayi abin da mutane suke yi wa dariya a cikinsa alhali duniya tana tsakiyar yaƙi.

Labarin a Taƙaice

Mortimer Brewster mai sharhin wasannin kwaikwayo ne a birnin Niyok, ya kuma yi suna wajen kushe aure a rubuce-rubucensa. Ranar da shi kansa ya yi aure, sai ya biya gidan gwaggonninsa biyu, Abby da Martha, a unguwar Buruklin domin ya shaida masu. Waɗannan tsofaffi kowa ya san su da kirki, 'yan sandan unguwa ma sukan shigo su karɓi kayan sadaka a hannunsu. Mortimer ya ɗaga murfin akwatin zama da ke gindin taga, sai ya ga gawa. Da ya tambaya, suka amsa masa cikin fara'a cewa su ne suka kashe mutumin, kuma shi ne na goma sha biyu. Duk dattijon da ya zo neman ɗakin haya, suka ga ba shi da kowa a duniya, sai tausayinsa ya kama su, su ba shi giya ta haɗin gida da suka zuba wa guba iri uku, ya huta.

Binnewa kuwa aikin Teddy ne, ɗan'uwan Mortimer, wanda yake ganin shi ne Theodore Roosevelt, shugaban Amurka daga 1901 zuwa 1909. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake haƙa ramuka da sunan haƙa mashigin ruwan Fanama, su kuma gawawwakin ana ce masa cutar shawara ce ta kashe su. Ana cikin haka sai ga ɗaya ɗan'uwan, Jonathan, riƙaƙƙen mai kisan kai, ya dawo gida da dare tare da wani mashayin likitan fiɗa, suna ɗauke da tasu gawar. Da aka yi lissafi, shi ma mutum goma sha biyu ya kashe, ransa kuma ya ɓaci ƙwarai da ya ga tsofaffin da ba su taɓa barin gida ba sun yi kunnen doki da shi.

Daga Kotu Zuwa Dandamali

Masu nazari da dama suna danganta wannan labari da shari'ar wata mata mai suna Amy Archer-Gilligan, wadda ta buɗe gidan kula da tsofaffi a garin Windsor na jihar Connecticut a 1907. Wasu daga cikin mazauna gidan sukan biya kuɗi dunƙule domin a riƙe su har ƙarshen rayuwarsu, saboda haka mutuwarsu da wuri riba ce gare ta. Yawan mace-mace ya jawo bincike, aka tone wasu gawawwaki aka sami guba a jikinsu. A 1917 aka yanke mata hukuncin kisa, a 1919 aka sake shari'a ya koma ɗaurin rai da rai, a 1924 aka mayar da ita asibitin masu taɓin hankali, inda ta rasu a 1962.

Abin lura shi ne yadda marubucin wasan, Joseph Kesselring, ya cire kwaɗayin kuɗi daga labarin. Abby da Martha ba sa taɓa ko anini na waɗanda suka kashe, har addu'ar jana'iza suke yi masu gwargwadon ɗarikar kowannensu. Da a ce Musa ne a baki, Fir'auna a zuci, da labarin ya zama na munafunci, wanda kowa ya saba da shi. Su kuwa abin da ke bakinsu shi ne a zuciyarsu, kuma daga nan ne dariyar da tsoron suke tasowa tare.

An buɗe wasan a gidan wasa na Fulton a yankin Burodwe ranar 10 ga Janairu, 1941, a ƙarƙashin Howard Lindsay da Russel Crouse. An nuna shi sau 1,444 kafin a rufe a Yunin 1944. A Landan ma, inda aka fara shi a Disambar 1942, an nuna shi fiye da sau 1,300, a birnin da bai daɗe da shan ruwan bama-baman Jamus ba.

Daga Dandamali Zuwa Majigi

Frank Capra ne ya ba da umarnin fim ɗin, tagwayen marubuta Julius da Philip Epstein suka tsara shi. An ɗauke shi tsakanin Oktoba da Disambar 1941. Ana cikin aikin Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, Amurka ta shiga yaƙi, shi kuma Capra ya kammala ya shiga soja. Amma yarjejeniyar da aka ƙulla ta hana a saki fim ɗin sai wasan ya sauka daga dandamali, wasan kuma ya ƙi sauka. Haka fim ɗin ya yi kusan shekara uku a ajiye, sai a Satumbar 1944 ya shiga gidajen silima.

Taurari uku na dandamali, Josephine Hull da Jean Adair da John Alexander, an ba su hutu suka je Holiwud suka fito a matsayin Abby da Martha da Teddy. Cary Grant ya fito a Mortimer, ko da yake daga baya ya riƙa kushe wasan nasa, yana ganin ya cika zare ido da zabura. Peter Lorre shi ne likitan.

Babbar asarar fim ɗin ita ce Boris Karloff, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin dodo a fim ɗin Frankenstein na 1931. A labarin, likitan ya yi wa Jonathan fiɗa cikin maye bayan ya kalli fim na ban tsoro, fuskarsa ta koma irin ta Karloff, har ya kashe wani don ya faɗa masa haka. A dandamali Karloff da kansa ne yake faɗin wannan magana. Da yake shi ne mai jawo 'yan kallo, kuma yana da jari a wasan, sai ya zauna a Niyok, aka yi wa Raymond Massey kwalliya ya yi kama da shi. Wannan ya nuna mana cewa akwai rahar da ke rataye da jikin ɗan wasan da ke tsaye gaban jama'a, idan aka canza mutumin sai rabinta ta zube.

Almakashin Masu Tacewa

A 1934 ne finafinan Holiwud suka fara bi ta ofishin tacewa da Joseph Breen ya shugabanta. A ƙarshen wasan, Mortimer ya gano cewa shi ba jinin Brewster ba ne, ya yi shelar cewa shi shege ne cikin murna. A fim an cire kalmar, ya zama ɗan wani kukun jirgin ruwa. Haka kuma a dandamali labule yana sauka ne yayin da tsofaffin suke miƙa wa shugaban gidan mahaukata kofin giyarsu, domin su zarce Jonathan da mutum ɗaya. A fim babu wannan, an tafi da su ne kawai, ango ya ɗauki amaryarsa. Gawa ashirin da huɗu sun wuce ta gaban masu tacewa, kalma guda ta maƙale.

Dariya a Zamanin Yaƙi

Abubuwa biyu da wasan yake wasa da su manyan al'amura ne a lokacin. Na farko shi ne kisa da sunan jinƙai. A 1939 Hitler ya sa hannu a takardar da ta ba likitoci izinin kashe marasa lafiyar da aka ce ba za su warke ba, kuma zuwa Agustan 1941 an hallaka fiye da mutum 70,000 a cibiyoyin da aka keɓe domin haka, akasarinsu naƙasassu da masu taɓin hankali. Na biyu shi ne gadon hauka. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta hana wasu mutane haihuwa ta hanyar tiyata, bisa zaton raunin hankali yana bin jini. Tsoron Mortimer ke nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba mu ce Kesselring ya rubuta wasansa domin Jamus ba. Abin da muke cewa shi ne, hujjar Abby da Martha, wato wanda ba shi da kowa mutuwa ta fi masa, ita ce hujjar da hukumomi suka yi aiki da ita a waɗannan shekaru. Wasan ya sa ta a bakin tsofaffi masu dafa wa maƙwabta romo, domin mai kallo ya ji yadda take da daɗin saurare. Sai dai ya kamata mu faɗi inda ya gaza. Mafitar da ya ba Mortimer ba ta ƙaryata zancen gadon hauka ba, tabbatar da shi ta yi, tun da ya tsira ne kawai don jininsa daban ne.

Kammalawa

Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta wasa, darasin wannan fim yana cikin dattawan da ke kwance a ƙarƙashin gidan. Kyamara ba ta taɓa nuna mana fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa muke iya dariya. Babu kuma wanda ya zo cigiyarsu, wannan ne ya ba tsofaffin damar yin abin da suka yi har sau goma sha biyu. A Burodwe, idan wasa ya ƙare, akan sa wasu dattawa su fito daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa su rusuna wa jama'a tare da sauran 'yan wasa. Fim ɗin bai yi haka ba, ya bar su inda Teddy ya binne su.