Sunan Mahadi: Daga Ina Ya Samo Asali?

Jama'a, da yawanmu muna raɗa wa yara Mahadi ba mu san nauyin sunan ba. Kalmar Larabci ce, ma'anarta wanda aka shiryar, tushensu ɗaya da "hudā", wato shiriya. Hadisan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito sun yi bushara da wani daga gidan Manzon Allah (SAW) da zai shimfiɗa adalci bayan zalunci ya mamaye duniya.

Shi ya sa duk lokacin da talaka ya ji jiki, sai sunan ya taso. A Sudan, Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi a 1881, ya ci Khartum a 1885. A nan gida, Shehu Ɗanfodiyo da kansa ya musanta cewa shi ne. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi wa Turawa bore da sunan Mahadiyya, aka rushe garin ƙurmus.

To, a wannan zamani na tsadar rayuwa da rashin tsaro, mu yi hattara: mai ƙishin adalci bai da wuyar yaudara. Allah ya shiryar da mu.