Daga Hular Ƙaro Zuwa Kirim ɗin Kemis: Tarihin Maganin Makero

Makero ba ya kisa. Yaro kan yi shekara da shekaru da shi a ka, gashi na kakkaryewa, fata na fitar da ɓawo, yana susa yana wasansa, kuma da yawa daga cikin irinsa kan lafa da kansu idan yaron ya balaga. Duk da haka, wanda ya bi diddigin yadda aka yi ta maganinsa a Turai cikin shekaru 200 da suka wuce zai tarar da abin da zai ɗaure masa kai: maganin ya kashe yara, ya kuma bar wasu da ciwon daji, abin da cutar ba ta taɓa yi ba. Ɓarnar nan gaba ɗayanta daga tushe guda ta fito. Abin da aka shafa a saman fata yana da iyakar inda yake kaiwa, kuma gindin gashi yana bayan wannan iyaka. A kowane zamani an samu masu ƙin yarda da hakan, masu neman a ƙara wa magani ƙarfi ko sauri ko ta halin ƙaƙa, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗar wannan gaggawa. A ganina, sanin iyakar nan shi ne kusan dukkan abin da ake nufi idan aka ce a yi amfani da maganin shafawa ba tare da cutarwa ba.

Tun kafin a san abin da ke kawo cutar, masu magani a Faransa sun lura cewa muddin gashin da ya kamu yana nan, man shafawa ba ya cin ta. Sai suka ce to a cire gashin. Dabararsu ita ce hular ƙaro: a shafe ƙyalle da ƙaro mai danƙo, a manna a kan yaro, a bar shi kwanaki ya kama, sannan a fizge shi da ƙarfi ya taho da gashi har saiwa, wani lokaci har da fata. An yi ta yin haka har cikin ƙarni na 19. A 1839 Johann Schönlein ya gano cewa wata ƙwayar halitta dangin fumfuna ce ke haddasa nau'in cutar mai tara ɓawo ruwan ɗorawa a ka, kuma wannan na cikin karo na farko da aka jingina wata cutar ɗan Adam ga ƙwayar da ido ba ya gani. Daga 1841 zuwa 1844 David Gruby, a birnin Paris, ya duba gashin masu cutar a madubin likita, ya ga wani nau'in yana lulluɓe silin gashi ta waje, wani kuma yana cika cikinsa maƙil. A nan ne aka samu bayanin abin da masu hular ƙaro suka sani a aikace. Ƙwayar tana bin ramin gashi ta gangara ƙasa, ta shiga silin tun yana fitowa, inda mai ba ya sauka. Rashin imanin hular a fili yake, amma lissafin da ke bayanta daidai ne, kuma shi aka ci gaba da bi da sababbin kayan aiki.

Mutumin da sunansa ya fi fita a wannan fage shi ne Raymond Sabouraud na asibitin Saint-Louis a Paris. Cutar ta yi yawa a lokacin har asibitin ya buɗe makaranta ta musamman don yaran da aka kora daga makarantun gari saboda ita, kuma yaro kan shafe kimanin shekara biyu a can ana tsige masa gashi da hantsaki ana shafa magani. Landan ma tana da irin waɗannan makarantu. Da aka gano hasken eksire a 1895 aka kuma ga yana zubar da gashi, sai Sabouraud da abokin aikinsa Noiré suka tsara a 1904 yadda za a auna shi a haska kan yaro. Bayan mako uku gashin ya zube duka, da shi da ƙwayar da ke cikinsa, sabo ya tsiro daga baya. Jinyar shekara biyu ta koma ta wata uku. A 1909 wani likitan Landan, Adamson, ya daidaita hanyar zuwa haska wurare biyar a ka, duniya kuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Inda babu na'urar, ko yaron ya yi ƙanƙanta da zama shiru a ƙarƙashinta, sai aka koma ga sinadarin thallium, wanda ake ba yaro ya sha gwargwadon nauyinsa don gashi ya zube. Thallium guba ne, har an yi maganin ɓera da shi, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke zubar da gashi da abin da ke kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A 1930, a wani gidan marayu a Granada ta ƙasar Sifen, kuskuren awo ya yi sanadin mutuwar yara 14.

Illar eksire ba ta fito da wuri haka ba, shi ya sa aka yi fiye da shekara 50 ana yi. A Isra'ila an haska kan dubban yara, galibinsu 'ya'yan baƙin da suka zo daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, tsakanin 1948 da 1960. A 1974 Baruch Modan da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin kimanin 10,900 daga cikinsu, inda aka ga ƙarin ƙulluwar tsiro a ƙwaƙwalwa da ciwon dajin thyroid da ke maƙoshi fiye da na takwarorinsu da ba a haska ba. Majalisar ƙasar ta yi dokar biyan su diyya a 1994. Mai son yi wa likitocin wancan zamani adalci zai ce ba su da zaɓi, kuma maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Babu maganin sha a lokacin, cutar tana yaɗuwa a aji da ɗakin kwana, tana raba yaro da karatu, nau'in da Schönlein ya gano kuma ba ya tafiya da balaga, sanƙo na dindindin yake bari. Sabouraud ya yi iya ƙoƙarinsa wajen awo, ba da ganganci ya yi aikinsa ba. Sai dai an daɗe da ganin yadda eksire ke ƙona hannun masu aiki da shi har ya zame musu daji, kuma mafi yawan yaran da aka haska ba mai tsananin suke da shi ba. Abin da ya rinjayi hukunci shi ne ƙyama da son a gama da wuri, musamman da yake 'ya'yan talakawa ne, marayu da 'ya'yan baƙi, waɗanda ba a cika tambayar iyayensu ba.

A gefe guda kuma akwai wani tarihin da ba shi da hayaniya, na maganin shafawar da ya tsaya inda Allah Ya ajiye shi. A farkon ƙarni na 20 Arthur Whitfield, likitan fata a Landan, ya haɗa wani mai da sinadarai biyu, benzoic da salicylic, ɗaya yana hana ƙwayar girma, ɗayan yana saɓule mataccen saman fata. Man Whitfield bai taɓa warkar da makeron kai ba, amma a jiki da tsakanin yatsun ƙafa ya yi aiki, ga araha, har ya shafe shekaru a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsalar kai kuwa ta ciki aka warware ta. Tun 1939 aka fitar da griseofulvin daga wata fumfuna, aka yi ta gwada shi a kan cututtukan shuka, sai a 1958 James Gentles a Glasgow ya ba ɓerayen masar da ke da makero suka warke. A shekarar aka gwada a kan mutane, kafin 1960 na'urorin haska kai sun fara zama tarihi. Yadda yake aiki ya amsa tsohuwar tambayar: jini ne ke kai shi gindin gashi, ya shiga sabon silin da ke tsirowa, ƙwayar ta rasa wurin kamawa. Saboda haka ne ake shan sa mako shida zuwa takwas, da abinci mai maiƙo ko madara, domin dole a jira gashi ya tsiro. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka samu sababbin magungunan fumfuna, clotrimazole da miconazole, sai ketoconazole, sai terbinafine a farkon shekarun 1990.

Daga nan rabon aiki ya fito sarai. Makeron jiki, na matsematsi da na ƙafa a saman fata suke, kirim yana isa gare su idan an wanke wurin, an busar, an shafa kaɗan sau biyu a rana har a ɗan zarce bakin da'irar, domin a bakin ne ƙwayar ke ci gaba. Ana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da shafawa kamar mako guda ko biyu bayan ido ya daina ganin komai. Ba a kai shi ido ko baki, ba a zuba shi a buɗaɗɗen rauni. Kyasbi da amosanin kai su ma a sama suke, shi ya sa shamfu mai ketoconazole ko selenium ke musu aiki idan an bar kumfar minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye. Farin tabon kyasbi kan yi watanni bai koma launinsa ba ko da ƙwayar ta mutu, kuma wannan ba dalilin ƙara magani ba ne. Makeron da ya ci gashi, da wanda ya shiga farce, na sha suke so. Shamfu a nan taimako kawai yake yi wajen rage abin da yaro zai watsa wa ƙannensa.

Da a ce tarihin ya ƙare a nan da an huta, amma gaggawar ta sake dawowa ta wata ƙofa. A 1952 aka fara shafa sinadarin sitiroid a fata, aka ga yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar fata, wato ainihin abin da ke tare ƙwayar. A 1968 likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, suka bayyana yadda makeron da aka shafa wa sitiroid ke ɓad da kama, da'irarsa ta ɓace, ya bazu, har likita ya kasa gane shi. Hakan bai hana kamfanoni haɗa sitiroid mai ƙarfi da maganin fumfuna da na ƙwayoyin bakteriya a bututu ɗaya ba. Indiya ce ta fi ɗanɗana sakamakon. Ana sayar da irin wannan kirim a can ba takardar likita, mutum ya shafa kwana uku ya ji sauƙi ya daina, ya dawo ya sake, watanni a jere. Likitocin fata na ƙasar suka fara ganin iyali guda sun kamu tun daga uba har jariri, cutar ta mamaye rabin jiki, terbinafine kuma ya daina cin ta. A 2020 aka raɗa wa wannan nau'i mai taurin kai suna Trichophyton indotineae, a 2023 hukumomin lafiya na Amurka suka ba da rahoton samunsa a New York.

Wanda ya san kemis-kemis na Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san wannan bututu mai aiki uku, wanda ake miƙa wa duk mai ƙaiƙayi, wasu ma don hasken fata suke saye. Makeron kai kuma yana nan birjik a tsakanin yaran firamare da almajirai, inda ake kwana a tabarma ɗaya, ake aron hula da mataji, ake layi gaban aska ɗaya ko injin aski ɗaya. Za a ce talaka ba shi da kuɗin ganin likita, kirim ɗin kuma yana kawo sauƙi nan take, to me ya sa za a hana shi? Amsar ita ce ba a ce ya bar kemis ba. A kantar nan akwai clotrimazole ko miconazole zalla, sau da yawa ba su fi mai haɗin tsada ba, abin da ake bukata kawai a karanta jikin kwalin, idan an ga betamethasone ko clobetasol a ajiye. Wanda ya sayi bututu shida cikin wata huɗu ya kashe kuɗinsa a banza, ga fata ta yi siriri ta tsattsage, jariri kuwa fatarsa na zuƙe sitiroid ɗin ya shiga jini. Za a kuma ce ai na shan ma ba kanwar lasa ba ne, kuma haka ne: a 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka wa ketoconazole na sha burki saboda lahanin da yake yi wa hanta, alhali na shafawa da shamfunsa ba su da wannan matsala, griseofulvin kuma ba a ba mai juna biyu. Wannan hujja ce ta kada a sha magani don kyasbi ko ɗan makeron hannu, kuma hujja ce ta a bar ma'aikacin lafiya ya auna wa yaro nasa bisa nauyinsa. Ba ta zama hujjar a yi ta shafa kirim a kan da gashinsa ke zuba ba. Irin wannan kai, idan aka yi ta jan lokaci, yakan kumbura ya tara ruwa har a ɗauka maruru ne a kai wa wanzami ya tsaga, alhali tsagawar ba ta fitar da komai, inda ya yi tabo kuma gashi ba ya sake fitowa.