Giwa a Garin Wani: Gwanar Tsere Uku da ta Shiga Rabin Maraton

Ran 6 ga watan Mayu na shekara ta 2018, a birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka, mata magudana suka jeru da sassafe domin tseren kilomita 21. Cikinsu akwai wata mai suna Gwen Jorgensen. Shekara biyu ba su cika ba da ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik, amma ran nan baƙuwa ce, don ba ta taɓa shiga irin wannan tsere ba. Kafin mu ji yadda ta ƙare, bari mu koma baya mu ga inda abin ya samo asali.

Asalin maraton da rabinsa

Mutanen Girka suna da wani tsohon labari. Sun ce a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, mayaƙansu sun ci Farisawa da yaƙi a wani fili da ake kira Maraton. Wani manzo ya sheƙa da gudu har birnin Atina, ya ba da albishir, ya faɗi ya mutu. Da aka sabunta wasannin Olamfik a Atina cikin 1896, sai aka shirya tsere na wajen kilomita 40 domin tunawa da shi. Wani Bagirke, Spyridon Louis, shi ya zo na ɗaya.

A wasannin Landan na 1908, an taso daga fadar sarki ta Windsor zuwa filin wasa. Tsawon hanyar ya kama kilomita 42 da mita 195. A 1921 aka tsai da wannan awo ya zama na kowa. In an raba shi biyu, sai a samu kilomita 21 da mita 97 da rabi. Shi ne rabin maraton. Mai tafiya da ƙafa, in bai tsaya shan ruwa ba, sai ya yi awa huɗu da wani abu kafin ya cinye ta. Ba a yin rabin maraton a Olamfik, amma a 1992 aka fara gasarsa ta duniya a ƙasar Ingila. Magudana sun ɗauke shi ma'auni: wanda yake son shiga maraton, nan yake gwada kansa tukuna.

Asalin tsere uku

Shi kuwa tiriyatalon, wato tsere uku, wasa ne mai haɗa iyo da tuƙin keke da gudu, ɗaya bayan ɗaya, ba hutu tsakani. Faransawa sun yi wani abu mai kama da shi tun wajen 1920. Amma irin na yanzu an fara shi ran 25 ga Satumba 1974 a San Diego, cikin jihar Kaliforniya, da mutum 46.

A tsibiran Hawai kuma gardama ta tashi tsakanin abokai: mai iyo, da mai keke, da mai gudu, wa ya fi juriya? Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a gani. Ran 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka taso: iyo kusan kilomita 4 cikin teku, keke kilomita 180, sa'an nan maraton cikakke. Mutum 12 suka kai ƙarshe. Gordon Haller ya zo na ɗaya bayan awa 11 da minti 46. Wannan tsere shi ake kira Ironman.

A 1989 aka kafa ƙungiyar duniya ta tsere uku a garin Avignon na Faransa. A shekara ta 2000 wasan ya shiga Olamfik a Sidni, da awo mai sauƙi: iyo kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Gwen Jorgensen

An haifi Gwen a 1986 cikin jihar Wisconsin. Tana jami'a ta yi iyo, ta yi gudu. Da ta gama, ta kama aikin lissafin kuɗi a ofis. Sai hukumar tsere uku ta Amurka ta neme ta, ta fara wasan a 2010. Keke ne ba ta saba da shi ba, dole ta koya.

A Olamfik na Landan, 2012, tayar kekenta ta yi faci, ta zo ta 38. Ba ta karaya ba. Ta ci kambun duniya a 2014 da 2015, har ta jera nasara 12 cikin manyan gasanni ba wadda ta sha gabanta. Ƙarfinta yana ga gudu. In dai ta sauka daga keke tare da na gaba, to magana ta ƙare. Ran 20 ga Agusta 2016 a Riyo, ƙasar Barazil, ta bar Nicola Spirig ta Suwizalan a baya da daƙiƙa 40. Ita ce mutum na farko daga Amurka da ya ci zinariyar Olamfik a wannan wasa.

Mako 11 bayan haka ta shiga maraton na Niyok ba tare da dogon shiri ba. Ta zo ta 14, cikin awa 2 da minti 41. Ta haihu a watan Agusta 2017. A watan Nuwamba ta yi shelar da ta ba mutane mamaki: ta bar tsere uku, za ta nemi zinariyar maraton a Olamfik na Tokiyo. Kun ga, tun da Joan Benoit ta ci maraton na mata na farko a Olamfik cikin 1984, ba wata Ba'amurkiya da ta sake ci. Gwen ta koma birnin Portland wurin mai horarwa Jerry Schumacher, tana motsa jiki tare da Shalane Flanagan, wadda ta ci maraton na Niyok a 2017.

Me ya sa abin ke da wuya?

Mai karatu zai ce: wadda ta iya uku, ɗaya zai gagare ta? To, ga dalili. Iyo da keke suna gina zuciya da huhu, amma ruwa ke ɗauke da mai iyo, sirdi ke ɗauke da mai keke. Mai gudu kuwa ƙafarsa ce ke ɗauke da shi. Duk taki guda, ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu ko uku. Zuciya tana saurin sabawa da wahala, cikin ƴan makonni. Ƙashi da jijiya su sai a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Saboda haka ɗan tsere uku yakan zo da numfashin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Huhu yana cewa a ƙara, agara tana cewa a dakata.

Na biyu, a tsere uku Gwen takan yi gudu na minti talatin da ɗoriya, tsakanin matan da suka raba ƙarfinsu gida uku. A rabin maraton sai an riƙe wuta fiye da awa guda, tsakanin matan da ba su da wata sana'a sai gudu tun suna ƙanana. Wanda ya taso da zafi a kilomita biyar na farko, zai biya bashi a biyar na ƙarshe.

Ranar Pittsburgh da abin da ya biyo baya

Tseren Pittsburgh shi ne gasar ƙasa ta rabin maraton a wannan shekara. Gwen ta gama cikin awa 1 da minti 10 da daƙiƙa 58, wato kowane kilomita cikin minti 3 da daƙiƙa 22. Ta zo ta huɗu. Aliphine Tuliamuk, haifaffiyar Kenya mai gudu da sunan Amurka, ita ta ci, Sara Hall na biye da ita. Tsakanin Gwen da ta ɗaya bai kai minti guda ba. Ga mai farawa, wata tara bayan haihuwa, wannan abin yabo ne. Amma ga wadda ta saba ganin kowa a bayanta, darasi ne. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce.

Rabi ya yi kyau, cikakken ya ƙi. A watan Oktoba 2018 ta shiga maraton na Shikago, ta zo ta 11 cikin awa 2 da minti 36. Brigid Kosgei ta Kenya ta riga ta isa da kusan minti 18. Sa'an nan diddige ya fara ciwo, har aka yi mata aiki a 2019. Da aka yi tseren zaɓen ƴan maraton na Amurka a birnin Atlanta, Fabrairu 2020, Gwen ba ta cikin masu tasowa. Wadda ta ci ran nan ita ce Tuliamuk, ta Pittsburgh ɗin nan. Gwen ta gwada tseren mita 5000 a zaɓen 2021, ta zo ta tara, ba ta samu zuwa Tokiyo ba.

A ƙarshen 2022, bayan ta haifi ɗanta na biyu, ta komo tsere uku. Ta ci gasanni a 2023, tana da shekara 37, amma ba a sa ta cikin tawagar Amurka ta Olamfik na Paris a 2024 ba.

Wasu sun ce ta yi asarar shekara biyar, da ta zauna inda ta fi ƙarfi da wataƙila ta ƙara zinariya. Wasu sun ce wadda ta riga ta hau ƙololuwa, ba abin da ya rage mata sai ta nemi wani dutse. Ku ma sai ku auna ku gani. Abin da tarihi ya rubuta dai shi ne: ta bar inda ake yi mata kirari, ta je ta tsaya a layi cikin ƴan koyo da ƙwararru, ta yi gudun kilomita 21, mutum uku suka riga ta isa.